Masarar Dattijo a Layin Wani

Daga Funtuwa zuwa Faskari, daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa, masara ce ke riƙe da yawancin gidaje. Masara ba ta yi sai da takin zamani, shi kuma taki ba kowane manomi ke iya sayensa kuɗi hannu a farkon damina ba. Shi ya sa a Tafoki da ƙauyukan da ke kewaye da ita manoma kan haɗa kai su kafa ƙungiya, a karɓo taki bashi a raba, idan kaka ta yi kowa ya auno masara ya biya. Duk wannan amana a kan rubutu take rataye: wa ya karɓi nawa, wa ya biya nawa. A shekarar 2021 ni ke riƙe da wannan rubutu a wata ƙungiya mai mutum ɗari da 'yan kai, kuma ni na ɓata shi da hannuna.

An ba ni sakatare ne saboda na yi kwas ɗin kwamfuta a Funtuwa, kuma ina da wata tsohuwar laftof. Mutumin da na gada ya yi shekaru yana aikin da babban littafi mai bangon kwali, da biro ja da shuɗi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ni da na karɓa sai na raina littafin. Na kwashe sunayen duka na zuba a Excel. Layuka huɗu na sama na bar su don sunan ƙungiya da kanun bayanai, saboda haka mai lamba 1 ya faɗa a layi na 5, mai lamba 2 a layi na 6, haka har ƙasa. Ginshiƙin A na lamba ne, B na suna, C na unguwa, D na buhunan NPK da yuriya masu kilo 50 da mutum ya karɓa, E na masarar da ake bin sa, F na abin da ya biya, G na ragowa. Can ƙasa na sa jimla. Kowane memba na ba shi ɗan kati mai ɗauke da lambarsa.

Ranar awo, mutane kan jeru a ƙofar sito da buhunansu, a ɗora kan sikeli, ni kuma in nemo layin mutum in rubuta. Neman layin ne ya dame ni. In yi sama, in yi ƙasa, jama'a na tsaye a rana. Excel na da tasa hanyar: ka danna Ctrl+G ko F5, ka rubuta adireshin gurbin da kake so, misali F51, ya kai ka nan take. Na san da wannan. Amma na ji labarin makro, sai raina ya biya.

Ga wanda bai sani ba, makro jerin umarni ne da ake ajiyewa a cikin fayil, dannawa ɗaya ta aiwatar da su a jere. Tun daga Excel 5.0 a 1993 kamfanin Microsoft ya sa masa yaren da ake rubuta su da shi, wato VBA. Akwai kuma abin naɗa: ka kunna shi ka yi aikinka, shi kuma yana rubuta abin da ka yi. Idan ka taɓa gurbin F51, abin da zai rubuta shi ne Range("F51").Select. Adireshi kawai yake riƙewa. Bai san sunan wanda ke wannan layi ba, bai kuma damu ya sani ba. Na karanta wannan umarni da idona tun ranar farko, ban tsaya na yi tunani a kansa ba.

Da na ga yadda aka gina shi, sai na ɗan yi masa kwaskwarima. Na ware gurbi a saman shafi inda zan rubuta lambar memba, makro ya ƙara mata 4, ya yi tsalle zuwa ginshiƙin F a wannan layi. Da ya sauka sai in dubi sunan da ke gefe, in kira shi da ƙarfi, mai kaya ya amsa, sannan in rubuta buhunansa. Wannan makro na farko bai cuci kowa ba. Lissafin da ke cikinsa shi ne dai wanda ya kashe ni daga baya, amma a lokacin idona da kunnen mai kaya suna cikin aikin.

Mutanen yankinmu ba za su manta da waccan kakar ba. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro saboda 'yan bindiga, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa, ba a maido ba sai Disamba. Mai janareton da nake caji a wurinsa ya rage lokacin kunnawa, batirin laftof ɗina kuma ba ya daɗewa. Mutanen ƙauye suna so su bar ƙofar sito tun kafin la'asar don kada dare ya yi musu a hanya. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san inda gaggawar ta fito. Dokar ba ta rubuta mini makro ba.

Sai na ce bari in rage aikin. Makro na biyu ya zama haka: in rubuta lambar mutum da yawan buhunansa a sama, in danna, shi ya je layin, ya ƙara adadin a kan abin da ke wurin, ya dawo sama. Har na ƙara umarnin da ke hana allo motsi yayin da yake aiki, don kada ya ɓata lokaci. Na gwada shi a kan wasu lambobi, ya tafi daidai. Layi ya riƙa tafiya da sauri, mutane suna sa mini albarka, ni kuma kaina na ƙara girma. Na daina kiran suna, tunda sunan ba ya fitowa. A ranakun da jama'a suka yi yawa har rasit na daina rubutawa. Wanda ya tambaya sai in ce masa kada ya damu, yana cikin kwamfuta.

Ana tsakiyar kaka, mai lamba 30 ya zo da ƙanensa. Gandu suke yi, da suna ɗaya suka karɓi taki, yanzu kuma sun raba gona, kowa na son bashinsa ya tsaya a kansa. Shugaban ƙungiya ya amince. Na ba ƙanen lambar ƙarshe, amma don su kasance wuri ɗaya sai na buɗe masa sabon layi a ƙarƙashin na wansa, wato layi na 35. Na duba jimlar ƙasa, na ga ta faɗaɗa da kanta ta haɗa da sabon layin. Haka Excel yake yi da lissafin da ke cikin gurabe: idan ka cusa layi, yana gyara adiresoshin da kansa. Na ɗauka haka zai yi wa makro. Ba ya yi. Abin da aka rubuta a cikin makro yana nan yadda aka bar shi har sai an shiga an canza.

Daga wannan rana kowa daga lamba 31 zuwa ƙasa ya sauka da layi ɗaya, makro kuwa yana nan yana ƙara 4. Masarar mai lamba 31 ta tafi layin sabon ƙanen, ta 32 ta tafi layin 31, kowa nasa yana shiga na wanda ke samansa. Shi kuma ƙanen, da yake lambarsa ce ta ƙarshe, nasa ya faɗa layin mutumin ƙarshe. Saboda haka ko buhu ɗaya bai ɓata daga jimla ba. Duk mako ni da ma'aji muna ƙirga buhunan sito mu gwada da jimlar kwamfuta, kullum cif. Yawancin mutane kuma taki kusan iri ɗaya suka karɓa, biya kusan iri ɗaya suke yi, don haka musayar ba ta fito fili ba. Wannan daidaituwar jimla ita ta ƙara rufe mini ido.

Ƙarshen kaka aka yi taro a ƙofar gidan mai unguwa don a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba. Dokar ƙungiya ce wanda bai biya ba ba shi da taki baɗi. Ina cikin karantawa na zo kan lamba 47, wani dattijo sa'an mahaifina, wanda tun ina yaro nake gaishe shi a durƙushe. Na ce bai kawo komai ba.

Ya ɗago kai ya ce, "Yaro, sake dubawa. Buhu huɗu na kawo. Kana zaune aka ɗora su kan sikeli."

Gaskiya ita ce na tuna da fuskarsa a layi. Wani abu a zuciyata ya ce mini in ce a ɗaga maganar in bincika. Amma jama'a na kallo, laftof na kan cinyata, kuma makonni ke nan ana yabona a kanta. Sai na ce, "Baba, ku yi haƙuri, kwamfuta ba ta mantuwa. Abin da aka kawo shi take rubutawa." Na juya allon ina nuna wa mutane gurbinsa babu komai, mutanen da yawancinsu ba su san abin da suke kallo ba. Shugaba ya tambaye shi rasit. Ba shi da shi, domin ranar da ya zo tana cikin ranakun da ban rubuta ba, ni kuma ban buɗi baki na faɗi haka ba. Na ji wani daga baya yana cewa tsufa ne. Babban ɗansa ya miƙe a fusace, dattijon ya riƙe masa hannu. Ya ce, "To, Allah ya gani." Ya sa takalmansa ya tafi.

Da na koma gida ban ji komai ba sai cewa na tsare gaskiya.

Bayan sallar isha'i aka yi sallama da ni. Mai lamba 48 ne, mutumin da gonarsa ke bakin daji, wanda a shekarar bai iya shiga ya cire ko zangarniya ba. Ya tsuguna ya ce, "Malam Sakatare, na saurara har aka gama ban ji sunana ba. Ni kuwa ko tiya ban kawo ba. Ina tsoron in ci haƙƙin wani." Na ce masa wataƙila wani ɗan'uwansa ya biya masa. Ya ce ba shi da wanda zai biya masa. Na ɗauko laftof da ɗan sauran cajinta, na gangara layinsa da hannu, na ga an rubuta ya biya duka.

Makro na farko yana nan ban goge shi ba, wanda ke kai ni gurbi ya tsaya. Na rubuta 48, na danna. Ya sauka a layi na 52. Na kai idona kan ginshiƙin B, sai ga sunan dattijon.

Na daɗe ina kallon sunan. Na rubuta 47, ya kai ni layin mai lamba 46, ga buhu huɗun nan zaune a ciki. Na rubuta 31, ya kai ni kan sabon ƙanen. Na rubuta 30, ya tafi daidai. A nan na tuna ranar da na buɗe layin nan, da yadda na dubi jimla na gamsu. Gumi ya keto mini a cikin sanyin hunturu. Kafin in gama fahimtar lissafin, muryata ce ta dawo mini, da yadda na juya allon ina nuna wa jama'a. Mutumin ya faɗi gaskiya a gaban 'ya'yansa da maƙwabtansa, ni kuma na ƙaryata shi da hujjar da ni na ƙirƙire ta.

Akwai abin da ya kamata in faɗa duk da nauyinsa. Tunanin da ya fara zo mini shi ne in gyara a ɓoye: in mayar da buhu huɗun layinsu, gobe in ce an gano su, kada kowa ya san girman ɓarnar. Abu biyu suka hana ni, kuma babu tsoron Allah a cikinsu a wannan lokaci. Na farko, mai lamba 48 na tsugune a gefena yana jiran amsa. Na biyu, abin ba ya gyaruwa ta haka. Ctrl+Z ba ya warware abin da makro ya rubuta, balle an yi makonni ana ajiye sabo a kan tsoho. Kuma da yake makro ƙarawa yake yi a kan adadin da ya tarar, biyan da aka yi kafin in cusa layin, wanda yake daidai, ya cakuɗe da na bayansa a cikin adadi guda, babu kwanan wata, babu alamar wanne ne wanne. Fiye da mutum saba'in abin ya shafa.

Na sha juya wannan al'amari a raina. Ta fuskar aikin kwamfuta, kuskuren ƙarami ne. Kamar ka aiki yaro ne ka ce ya kai saƙo gida na biyar daga masallaci, ba ka faɗa masa sunan mai gidan ba, sai aka gina sabon gida a tsakani. Yaron zai ƙirga biyar ya miƙa, kuma bai yi laifi ba. Manyan ma'aikata ma sun faɗa irin wannan rami. A 2003 kamfanin wutar lantarki na TransAlta a Kanada ya yi asarar dala miliyan 24 saboda layukan Excel sun goce wajen kwafa da liƙawa a takardar tayin kwangila. Amma su kuɗi suka rasa, ni kuwa mutuncin dattijo na taɓa, shi kuma ba a auna shi a mayar.

Da kuskuren ya tsaya a kan ƙara 4, da ranar farko an kama shi. Da ina kiran suna, mai lamba 31 zai ce mini ba sunansa ke nan ba, shi ke nan magana ta ƙare. Da ina rubuta rasit, dattijon zai zaro takardarsa daga aljihu. Matakan nan biyu na ɗauke su ɓata lokaci, alhali su ne kaɗai wuraren da wani mutum ban da ni zai iya cewa na yi kuskure. Na cire su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa mai kyau, har ya zama babu mai duba aikina sai makron da ni na rubuta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na iya abin da zai sa aiki ya yi sauri, ban iya abin da zai nuna mini ya karkace ba.

Mafi muni shi ne maganar da na yi a taron. Kwamfuta ba ta da ra'ayi a kan wanda ya biya. Abin da na umarce ta shi ta yi. Lokacin da na ce ba ta mantuwa, kaina nake wankewa, na fake da na'urar da na san babu mai iya ja da ita a wurin. Ina ganin wannan ya fi yawa a tsakaninmu masu ɗan ilimin zamani fiye da yadda muke yarda. A ofisoshi da shaguna da makarantu kullum ana cewa mutane haka kwamfuta ta nuna, mai gaskiya kuma ya juya ya tafi don ba shi da bakin musu.

Da asuba na je wurin shugaba na faɗa masa komai, muka wuce gidan dattijon tare. Na durƙusa na ce, "Baba, ku ne da gaskiya. Masararku tana nan, ni na rubuta ta a layin wani. Ku yafe mini." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma a gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka janye." Ranar Juma'a bayan an sauko na tsaya na janye, na kuma faɗi cewa ni ne na hana shi rasit.

Sake gina lissafin ya ci mu lokaci. Kwafin rasit ya taimaka inda akwai shi. Inda babu, abin da ya cece mu shi ne ɗan littafin mai gadin sito, mutumin da bai yi boko ba. Ashe duk buhun da ya shiga yana rubuta sunan mai shi da ajami, ya ja sanda ɗaya a gaba. Da suna yake rubutawa, don haka babu layin da zai goce masa. 'Yan kaɗan da suka rage aka daidaita su da shaidu. Mai lamba 48 aka ɗaga masa bashinsa zuwa wata kakar. Dattijon kuwa yana amsa gaisuwata har gobe, amma da damina ta zagayo bai zo karɓar taki ba, bai kuma sake zuwa ba.

Ban daina amfani da makro ba, kuma ba na cewa kowa ya daina. Wanda nake aiki da shi yanzu ba ya ƙirga layi. Neman lambar yake yi a ginshiƙin A duk inda take, kuma sai ta yi daidai gaba ɗayanta, domin idan ba a gindaya wannan sharaɗi ba mai neman 4 zai iya sauka a kan 14 ko 47. Idan ya same ta sai ya fito da sunan a allo ya tsaya, ba zai rubuta komai ba sai na kira sunan, mai kaya ya amsa, na danna amincewa. Kowane biya yana shiga sabon layi a wani shafi dabam da kwanan watansa, jimlar mutum kuma daga can ake tattaro ta. Gurabe na dindindin, irin su jimla, suna na raɗa musu, domin gurbi mai suna yana tafiya da sunansa ko an cusa layi, kuma umarnin Application.Goto yana karɓar suna. A kowane umarni ina ambaton shafin da ake nufi, don in ba a ambata ba makro kan yi aiki ne a kan duk shafin da yake buɗe. Kafin a fara awo ina ajiye kwafin fayil da kwanan ranar a filashi. Rasit kuma ko layi ya kai bakin kasuwa sai na rubuta.

Ɗan'uwa mai riƙe da lissafin ƙungiya, ko albashi, ko sakamakon jarrabawa, ko bashin shago, idan kana da makro mai kai ka wani gurbi, yi kwafin fayil ɗinka yau, ka cusa layi ɗaya a tsakiya, ka danna madannin, ka karanta sunan da ya sauka a kai. Idan kuma wani ya tsaya a gabanka ya ce ya biya, ka ce masa za ka bincika.